Lissafi: Yaushe Bayani Ya Ke Isa?

Akwai wani irin lissafi wanda ba a neman mu faɗi adadi a cikinsa. Abin da a ke tambaya kurum shi ne, shin bayanin da aka ba mu ya isa a yanke magana, ko kuwa bai isa ba? Da yawa daga cikinmu in sun ga ba a faɗi adadi sosai ba sai su ajiye alƙalami, su ce ba ya yiwuwa. To, sau da yawa sanin iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama, ya wadatar.

Da fari mu kiyaye kalmomi. "Bai kai 40 ba" ma'anarsa 39 ko abin da ya kasa. "Bai wuce 40 ba" kuwa har da 40 ɗin a ciki. Alamar > tana nufin "ya fi", alamar < tana nufin "ya kasa". A cikin littafin wani masani na Ingila, Thomas Harriot, aka fara buga su a 1631, bayan rasuwarsa da shekara 10.

Ga misali daga zakkar dabbobi. Risala ta nuna ana haɗa tumaki da awaki a ƙidaya su tare. In ba su kai 40 ba babu zakka. Daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ce, daga 121 zuwa 200 biyu.

A ce wani makiyayi ne a Rurum Sabon Gari, cikin ƙasar Rano, garkensa yana can wajen kiwo ta Kibiya, sauran sharuɗɗan zakka kuwa duk sun cika. Dabba nawa zai fitar? Bayani biyu ke hannunmu. Na fari, tumakinsa sun fi 30, amma ba su kai 50 ba. Na biyu, awakinsa sun fi 15, amma ba su kai tumakin yawa ba.

Mu ɗauki na fari shi kaɗai. Tumaki daga 31 ne zuwa 49, amma bai ce kome a kan awaki ba. In ba shi da akuya ko ɗaya, garken yana iya zama 31, watau babu zakka. In yana da awaki 100, ya haura 120, watau biyu. Amsa ta rabu, saboda haka bai isa ba.

Sa'an nan mu manta da na fari ɗungum, mu ɗauki na biyu. Awaki mafi ƙaranci 16, tumaki 17, jimla 33. Ta sama kuwa babu iyaka. Shi ma bai isa ba.

Yanzu mu gama su. Mafi ƙaranci, tumaki 31 da awaki 16, jimla 47. Mafi yawa, tumaki 49 da awaki 48, jimla 97. Da 47 da 97, da dukan abin da ke tsakaninsu, suna cikin ɗakin 40 zuwa 120. Ashe dabba ɗaya zai fitar, ga shi kuwa har yanzu ba mu san yawan garken ba. Har mun san daga inda za ta fito, gama Muhtasar ya nuna daga jinsin da ya fi yawa a ke ɗauka, nan kuwa tumaki ne.

Amma da an ce tumakin sun fi 20 ne kawai, da iyakar ƙasa ta sauka zuwa 21 da 16, watau 37. Nan kam sai a je a ƙidaya, domin mai yanke magana da ka ko ya ci hakkin matalauci, ko ya ɗora wa makiyayi abin da ba ya kansa.

Saboda haka in mun tsaya gaban yara, mu koya musu su gwada kowane bayani shi kaɗai, su nemi mafi ƙaranci da mafi yawa, kana su duba ko amsar ta sāke tsakaninsu. Wanda ya ke so ya gwada kansa, ya mai da 50 ɗin nan ta zama 70, ya gani ko bayanin ya isa har yanzu.