Yadda Ake Kafa Amana A Gidan Burodi

Gidan burodin da ke da ma'aikata goma sha biyar ko ashirin ba shi da lauya, ba shi da ofishin kula da ma'aikata. Abin da yake da shi shi ne maigida, da sikeli, da littafin bashi, da samarin da ke kwana a bakin tanda. A irin wannan wuri yaro yana koyon gaskiya ko ha'inci ne daga abin da ya ga an ƙyale. Na daɗe ina shiga gidajen burodi a Kano. Na ga waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu, na ga waɗanda ma'aikata suka cinye ƙurmus, kuma hanyar da na farkon suka bi kusan iri ɗaya ce.

Rijista da CAC da neman lambar NAFDAC ba sai na ɓata baki a kansu ba, duk mai shirin buɗe gida ya san da su. Aikin gaske daga sikeli yake farawa. A rubuta nauyin curin kowane irin burodi a bango, inda mai yanka zai gani. Ranar da buhun fulawa ya tashi a Kasuwar Singa, kamar yadda ya riƙa tashi bayan cire tallafin mai a 2023, shaiɗan zai kawo shawara uku: a rage curi a ɓoye, a sa sakarin a madadin sukari, ko a zuba sinadarin bromet don burodi ya kumbura ya cika ido. NAFDAC ta hana bromet tun zamanin tsohuwar shugabarta Dora Akunyili saboda illarsa ga ƙoda da haɗarin ciwon daji. Maigida na kirki yakan ƙara kuɗi, ko ya gaya wa masu shayi ƙarara cewa burodi ya ragu. Dalilin ya wuce tsoron hukuma. Yaron da ka ce wa ya tauye curi kada kowa ya ji, ka riga ka koya masa cewa sata halal ce a gidan nan. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya zaɓi wanda zai yi wa.

Sai albashi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka yawancin gidajen burodi babu mai tilasta musu. To, ka yanka abin da za ka iya, ka tsayar da rana, kada ranar ta motsa ko da kai ne za ka kwana ba ka yi cefane ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Shafi ɗaya da Hausa ya isa: awa nawa, nawa ne kuɗin kwana, wa zai biya magani in injin murza ya kama yatsa. Wanda ke riƙe haƙƙin yara wata biyu sannan ya yi kukan ana kwashe masa sukari, a tuna masa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Su wane ne ma yaran nan? Galibi samari ne daga ƙauye, wasu 'yan ci-rani, da suka zo ta hannun wani ɗan garinsu. A kansu akwai tsohon mai kwaɓi, irin wanda ya fara tun ana gashi da itace zalla. Yakan danna kwaɓi da yatsa ɗaya ya ce a ƙara masa minti goma, kuma ba ya kuskure. Irin waɗannan dattawa sun fara ƙaranci, abin takaici. In kana da ɗaya, ka riƙe shi hannu bibbiyu, domin maganarsa a cikin yara ta fi taka nauyi da tsakar dare.

Littafi kuwa, ƙa'idarsa gajeruwa ce. Wanda ya ƙirga burodi a bakin tanda ba shi zai loda wa masu babur ba, wanda ya kai wa masu shayi ba shi kaɗai zai rubuta bashi ba, kwantai kuma a dawo da shi a gani da ido kafin a soke shi. Maigida ma in ya ɗauki burodi biyar zai kai gida, ya rubuta. Sannan sau ɗaya a mako a zauna a sha shayi, a bar ƙaramin yaro ya fara magana kafin manya su rufe masa baki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake faɗuwa shi ne ranar da littafi ya kama na jiki.

Kusan kowane ƙaramin kamfani a ƙasar Hausa akwai ɗan'uwa a ciki, kuma yawanci shi ake ba jakar kuɗi. Na ga yadda wani maigida ya bi da irin wannan. Ƙanin uwargidansa ne ke karɓo kuɗi a wajen masu shayi, yana rubuta bashi a kan mutanen da suka riga suka biya. Watanni kaɗan kafin nan an sallami wani yaron ƙauye a kan rabin buhun sukari. Da maganar surukin ta fito, gida ya yi tsit. Kowa yana aikinsa, amma ido yana kan Alhaji.

Bai yi magana ba sai da ya zaga teburan shayin da kansa, ya ji daga bakin masu su, domin zargi ba hujja ba ne, kuma in ka tuhumi suruki ka rasa shaida ka kashe kanka. Bai kuma bar abin ya wuce kwana uku ba. Jinkiri a nan fassara ɗaya yara ke yi masa: ana neman yadda za a binne. Ya kira surukin ofis, da tsohon mai kwaɓi a matsayin shaida, ya buɗe littafi, ya bar shi ya kare kansa har ya gaji. Hukuncin da aka yi wa yaron sukari shi aka yi masa, ba ragi ba ƙari. Wanda ya tsegunta masa maganar tun farko kuwa, har yau babu wanda ya ji sunansa.

Saura gida, kuma nan ne gwaninta take. Bai jira labari ya riga shi ba. Da magariba ya ɗauki ƙanin mahaifinsa suka tafi gidan surukai, ya zauna a ƙasa, kai a sunkuye. Da dattijon ya gama bayani, surukar ta ce, "Haba Alhaji, ƙaninka ne fa. A rufa asiri mana."

Ya ce, "Hajiya, asirinsa a rufe yake, ba mai ji daga bakina. Amma jaka ba zai sake riƙewa ba. Abin da zai ci kafin Allah ya buɗa masa wata hanya, ni zan ɗauka daga aljihuna."

A lura da abin da ya yi. Ya raba zumunci da kamfani, ya ba kowanne haƙƙinsa: zumunci ya ci daga aljihunsa, kamfani ya tsira da dokarsa. Masu kuskure a irin wannan hali kashi biyu ne. Wasu sukan kau da kai, ko su sallami ɗan'uwa yau su dawo da shi ta bayan gida bayan mako biyu a matsayin mai kula da sito. Daga ranar, duk wa'azin da za su yi wa yara iska ce. Wasu kuma sukan tara ma'aikata su ci mutuncinsa don a ce ba sani ba sabo. Wannan tsoro yake haifarwa, kuma mai tsoro ɓoye kuskure yake yi: tire ya ƙone ya tura ƙarƙashin tebur, yis ya lalace ya yi shiru har a yi asarar buhu biyar.

In an haye wannan tudu, sauran aikin ban-ruwa ne. A yaba wa wanda ya dawo da rarar canji a gaban kowa. A haɗa sabon yaro da tsohon hannu mai gaskiya a makonsa na farko. Kuskure a yafe shi, ha'inci kada a yafe, kuma a tabbata yara sun san bambancin.

Mai son ya san ko abin ya kama, ya yi tafiya ta mako biyu ko uku, Umara ko ganin gida, kada ya riƙa bugo waya safe da yamma. In ya dawo ya sayi burodinsa a teburin mai shayin da bai san shi ba, ya auna, sannan ya zauna da littafi. In lissafi ya fito daidai, zai iya fara tunanin buɗe reshe na biyu.