Me Ya Sa Ɗakin Kwano Ya Fi Waje Zafi?

Wani magidanci daga Yebi, kusa da Bosso a jihar Diffa, ya aiko da tambaya. Ya sayar da tattasan da ya noma a bakin Komadugu, ya rufe ɗakinsa da kwano, sai ga shi da bazara ɗakin ba ya shiguwa. Ya sayo fanka mai aiki da sola, duk da haka yara sai gumi suke. Ina mafita?

Malam, kar ka ga laifin fanka. Aikinta kaɗa iska ne, alhali zafin da ke damunka ba iska ce ta kawo yawancinsa ba. Daga jikin kwanon yake saukowa kai tsaye, a matsayin wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira infirared. Ka san shi tuntuni: shi ne kake ji a fuskarka in ka zauna gaban garwashi da sanyin hunturu, bayanka kuwa na ɗari.

Hasken da muke gani ɗan yanki ne na wani dogon jeri. A ƙarshensa ɗaya akwai igiyoyin rediyo masu tsawo, sai na maikirowef, sai infirared, sannan launukan bakan gizo daga ja zuwa shunayya. Bayansu akwai hasken da ke ƙona fata, da na hoton ƙashi a asibiti, da na gama. Duk danginsu ɗaya, tsawon igiyar ne ya bambanta su. Infirared na maƙwabtaka da ja, daga kimanin nanomita 700 har milimita 1. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana launi-launi da gilashi, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja inda babu abin da ake gani, ya ga ma'aunin ya hau.

Abin da ya shafe ka shi ne wannan. Duk abu mai ɗumi yana fitar da infirared, kuma da zarar zafinsa ya ƙaru sai fitarwar ma ta ƙaru sosai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Diffa ke wuce digiri 40 a inuwa, kwanon da ya sha rana yakan kai 60 zuwa 70. Ga shi siriri, don haka abin da ya sha a sama nan take yake zubo shi ƙasa, kan kanka, kan katifa, kan bango. Bangon ya haɗiye, ya riƙa amayarwa har tsakar dare. Kwanon da ya yi tsatsa ko ƙura ta dishe shi ya fi sabo mai walƙiya shan rana, shi ya sa wasu ke cewa ɗakinsu ya fi zafi a shekara ta uku. Gaskiyarsu ne.

To sai a tare shi tun daga sama. Mafi araha shi ne a shafe bayan kwanon da farin fenti, ko farar ƙasa in aljihu bai kai ba. Fari yana mayar da mafi yawan hasken rana kafin ya zama zafi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rungumi wannan dabara a unguwannin talakawa tun 2017. Sai dai damina na wanke farar ƙasa, ƙurar hunturu na rufe fenti, saboda haka a wanke ko a sake shafawa kafin Maris.

Na fi ba silin muhimmanci a kan komai. Ko na katako ne, ko zana, ko tabarmar kaba, muddin ya tsaya tsakaninka da kwanon ya tare hasken. Amma a bar tazara, aƙalla kamu ɗaya, a kuma buɗe ƙananan kafofi a saman bango ta ɓangarori biyu don iska mai zafi ta samu hanyar fita. A sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. Nan magina da yawa ke kuskure, su toshe ko'ina da siminti don kyan gani. In ka samu takardar alminiyam mai sheƙi, ka manna ta ƙarƙashin kwanon, fuskar mai sheƙin tana kallon ƙasa inda ƙura ba ta zama, domin ƙarfe mai sheƙi kaɗan yake fitar da infirared. In ta manne da wani abu ta ɓangarorin biyu, kuɗinka ka zubar.

Ɗora zana a kan kwano yana aiki, amma ban cika so ba: iskar farkon damina na kwashe ta, tartsatsin murhu kuma ba ya neman izini. Gara ka dasa dogon yaro ta yamma da ɗakin, ɗan nesa da bango saboda saiwa. Fankar kuma ka ajiye ta bakin taga bayan magariba, ta jawo iskar waje da ta fara hucewa.