Mamman Sani: makaɗin da ya koya wa fiyano waƙoƙin gida

'Yan'uwa ɗalibai, yawancin waƙoƙin Hausa na zamani da muke ji a waya da fiyano ake haɗa kiɗansu, wato na'urar nan mai madannai da ke kwaikwayon muryar ganga da sarewa da garaya. Wasu na ganin ita ce ke kashe kiɗanmu na gargajiya. Tarihin wani makaɗi na maƙwabciyarmu Nijar ya nuna cewa ba dole ba ne hakan ta faru.

An haifi Mamman Sani Abdullahi a Accra ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1950, amma a Nijar ya tashi. Ya yi aikin koyarwa, daga baya ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wani taron hukumar cikin shekarun 1970 ya ga wani wakili ɗan Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Ya lallashe shi har ya sayar masa, ya kawo ta Yamai.

Maimakon ya kwaikwayi kiɗan Turawa, sai ya ɗauko karin waƙoƙin Fulani Wodabe da na Buzaye ya riƙa buga su a kan na'urar, yana kuma tsara nasa. A 1978 ya shiga ɗakin naɗar sauti na gidan rediyon Nijar. Ya buga kiɗan farko aka naɗa, sannan ya buga na biyu a kansa, sai ka ji kamar makaɗa biyu ne alhali shi kaɗai ne. Kaset kaɗan aka buga, amma rediyo da talabijin na Nijar suka riƙa sa kiɗan tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru. Jama'a sun san kiɗan sarai, ba kowa ya san mai shi ba.

Bayan fiye da shekara talatin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci kaset ɗin cikin tsofaffin da aka adana a Yamai. Kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai yin wasa.

Darasin a nan shi ne, na'ura ba ta ba da sai abin da mai ita ya zuba mata. Mamman Sani ya san waƙoƙin ƙasarsa kafin ya taɓa madanni. Mu a Daura muna da taken tambari da kakaki da algaita da ake yi a Sallar Gani, ga waƙoƙin daɓe da na niƙa da kakanninmu mata suka sani, waɗanda ke tafiya tare da masu su. Wannan makon kowa ya nemi izinin wata tsohuwa a gidansu, ya rubuta waƙa ɗaya daga bakinta, da sunan lokacin da ake yin ta, ya kawo wa ƙungiyarmu. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a wannan allo.