FILIN MANOMA: Yadda Ake Fid da Irin Albasa a Gida

Ko wace shekara, da kaka ta yi, masu lambu a Katsina su kan shiga neman irin albasa. Wani ya kan saya a kasuwa da tsada, ya yafa, ya yi ta ban ruwa mako biyu, sa'an nan ya ga fangalinsa fayau, sai tsiro ɗai ɗai. Kafin ya sami wani iri lokacin dashe ya wuce, noman rani na wannan shekara ya ɓaci ke nan. Dalili kuwa shi ne, irin albasa ba ya jure ajiya. In ya shekara a wuri mai zafi da laima, yawancinsa ya mutu, ko da ya ke ido ba ya rarrabe matacce da mai rai.

Maganin wannan hasara shi ne mutum ya fid da irinsa da kansa. Aikin ba ya son babban fili. Magidanci a Gobarau, ko wata unguwa ta cikin birni, in yana da rijiya da ɗan sarari a bayan gida inda rana ke sauka, ya isa. Kwano ɗaya na iri da ya samu a nan zai wadaci lambunsa a Ƙofar Marusa ko Ƙofar Durɓi, har ya rage na sayarwa. Amma aikin na shekara biyu ne: shekarar fari albasa ta yi kai, ta biyu ta yi fure.

Da fari sai zaɓen uwa. Ran da aka cire albasa da bazara, manomi ya ware kawuna masu nauyi, masu siririn wuya, masu launi ɗaya, waɗanda ba su rabu biyu ba. Kada ya ɗauki iri daga albasar da ta yi gaggawar fid da kara ta yi fure tun shekarar farko. Wannan hali gadonsa a ke yi, 'ya'yanta ma haka za su yi, kai kuwa ba zai yi girma ba. Ya ware kamar 30 ko fiye, gama irin da aka samu daga kai biyu ko uku ya kan raunana bayan 'yan shekaru. Ya ajiye su a rumfa mai shan iska har damina ta wuce, yana dubawa yana fid da ruɓaɓɓu.

A watan Oktoba ko farkon Nuwamba sai a dasa su. A gyara fangali, a zuba ruɓaɓɓen taki. Waɗansu manoma su kan yanke saman ko wane kai kaɗan, su shafa toka, domin tsiro ya fito da yawa. A bar taku ɗaya tsakanin kai da kai. Abin lura a nan, sanyin hunturu shi ke sa albasa ta yi fure. Wanda ya makara har ɗari ya wuce, lawashi kaɗai zai samu.

In fure ya buɗe, wajen Janairu zuwa Fabrairu, ƙudan zuma da sauran ƙudaje su ke ɗaukar garin fure daga wannan kai zuwa wancan. In babu su, babu iri. Sabo da haka kada a fesa maganin ƙwari a kan fure buɗaɗɗe. Har wa yau, ƙudan zuma ba ya sanin katanga. In mutum ya dasa ja, maƙwabcinsa ya dasa fara, iri zai gauraya, baɗi a ga albasa ba ja ba, ba fara ba. A nan ne a ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Masu sana'ar iri su kan raba launi da launi da tazarar rabin mil ko fiye. A unguwa kamar Gobarau, inda gida ke jingine da gida, wannan ba ya yiwuwa. Dabara ita ce maƙwabta su yi shawara, kowa ya dasa launi ɗaya. Albasar Galmi, ta ƙasar Nijar, da irinta aka san ta har bakin teku. Falke ba ya biyan kuɗin kirki a kan buhun da ya zo masa launi-launi.

Wajen watan Maris fure zai bushe. Da an ga waɗansu ƙwanso sun fara fashewa, baƙin iri ya bayyana, sai a rage ruwa, a riƙa yanke kawunan da suka nuna tare da ɗan kara, da safe kafin iska ta taso. Ba duka su ke nuna rana ɗaya ba, sai a bi su sau biyu ko uku. Wanda ya jinkirta, iska da kaji su za su girbe masa. A shanya a tabarma cikin inuwa har su bushe sarai, a murza da hannu, a sheƙe da faifai. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a toshe, a rubuta shekara a jiki, a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da murhu.

Saura gwaji, wanda ya shafi manomi da mai saye duka. Mako biyu kafin yafi, a ƙirga ƙwaya 100, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan kwana 10 ko 12 a buɗe a ƙirga. In 70 ko fiye sun tsiro, iri ya yi kyau. In ba su kai 50 ba, kada a ɓata taki da ruwa a kansa. Ɗan kasuwa mai sayad da iri shi ma ya kamata ya yi wannan gwaji kafin ya auna wa mutane, gama wanda aka cuta bana ba ya komowa baɗi.

Irin da ya ci gwaji sai a yafa shi da kaka, a dashe bayan mako 6 ko 7. Ran cire albasa kuma, manomi ya fara ware uwayen baɗi tun bai cika buhun kasuwa ba.