Yadda Muka Ɗaga Tsohuwar Fijo Ta Daina Shan Ƙasa

Fijo 504 ce, doguwar nan mai layin kujeru uku, haɗin Kaduna. Tun a 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri, shi ya sa har gobe in ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa ta Kano da wuya ka nemi kayanta ka dawo hannu rabbana. Gadonta na yi daga kawuna, bayan buhunan masara sun gama zaunar mata da gindi. Ni kuwa kullum sai na keta burji da laka kafin in hau kwalta zuwa wurin aiki. A damina ɗaya sau biyu na sauya salansa.

Bakaniken da na kai wa dattijo ne, irin waɗanda suka koyi aiki lokacin da tasha ba ta san wata mota ba sai Fijo. Na ce masa inci huɗu nake so. Ya dube ni ya ce, "Malam, mota kake so ko raƙumi? Biyu za mu yi." Gaskiyarsa. Motar da za ta kai yara makaranta da safe ba a mayar da ita mai layi a kwana.

Aka fara da duba ƙasan bodi, domin ba a ɗora sabon sifirin a kan ruɓaɓɓen ƙarfe. Mai walda ya cike wurare biyu, aka sauya bushin-bushin, wannan duk aikin yini ɗaya ne. A gaba, sifirin da shokazoba a haɗe suke, sai aka sa musu zoben ƙarfe daga sama. Matse sifirin ɗin nan ba a barin yaro ya yi shi kaɗai, in ya kuɓuce haƙora yake zubarwa. Baya kuma nan ne wagon ta fi ƙanwarta salun: aksil ɗinta sanda ɗaya ce, sifirin huɗu ne a kanta, biyu kowane gefe. Aka zuba sababbi masu ɗan tsayi, da shokazoba masu tsawon da zai bi su. Wanda ya bar gajerun, duk ramin da ya faɗa zai ji "kwas" kamar an buga guduma.

Abin da masu ɗokin ɗagawa ba su sani ba shi ne sifirin bodi kawai yake ɗagawa. Tulun aksil ɗin baya yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Muka sa tayar bas mai kauri, 195 a kan wili 14 na asali. Ba ka da zaɓi sosai a nan, saboda tazarar ramukan noti huɗun Fijo daban take, wilin yawancin motocin Japan ba ya shiga. Agogon gudu ma zai riƙa rage maka kaɗan daga gaskiya.

Sai birki, inda aikin ya kusa zama na kuka. Tiyon birkin baya kowa ya san a sa mai tsawo, a ɗaga motar aksil ya rataya a ga ko ya ɗame. Amma akwai wani ɗan bawul a ƙasan motar da aikinsa auna nauyi: in an yi lodi gindi ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya, sai ya rage. Da ka ɗaga bodi inci biyu, bawul ɗin nan ya ɗauka ke nan motar fayau take har abada. Ranar da muka fita gwaji da buhu shida a baya, na taka birki a wata gangara, gaba ya duƙa, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba da ita nake ba.

Na dawo ina haki. Wani yaron gareji ya ce a cire bawul ɗin a huta, haka ake yi. Ogan ya daka masa tsawa. In aka cire, ranar da motar ba kaya tayoyin baya za su riga na gaba kamawa, gindi ya juyo ya zama gaba. Ya shiga ƙarƙashi da kansa, ya ƙara wa sandar da ke jan bawul ɗin tsawo daidai abin da aka ɗaga, ba ƙari ba ragi. Daga nan muka koma burji. Ya tsayar da yaro a gefe ya ce idonsa a kan taya. In taho a hankali in take birki gaba ɗaya, yaro ya faɗi wacce ta fara jan ƙasa. Dole ta gaba ce. Ogan ya sake kwanciya, ya murɗa noti rabin zagaye, mu sake. Sau bakwai muka yi ba kaya, sannan aka mayar da buhunan aka faro daga farko. La'asar ta same mu a nan, duk mun yi buɗu-buɗu da ƙura.

Sauran ba wuya: saitin tayoyin gaba, faranti mai kauri a ƙarƙashin kwanon baƙin mai, a ɗaure salansa ta lafe da ciki, a sunkuyar da fitilu don kada su kashe wa na gaba ido.

Kada wanda ya ruɗe, ƙafar baya kaɗai ke ja. Mai jan ƙafa huɗu kamfanin Dangel ne ya riƙa ƙera ta a Faransa, kuma ko a can ba ta yi yawa ba. Tawa in ta shiga yashi mai zurfi sai na rage iskar taya, in ajiye buhun ƙasa biyu a kan aksil. Shebur da igiya ba sa sauka daga but. Amma mashigin nan na bayan garinmu, inda a da nake sauke fasinja su taka da ƙafa, bana da su a ciki na haye, har da tsohuwar da ke riƙe da kaji.