Shirin Kiwon Mafaɗatan Kifayen Teku A Gida

Na san da yawa cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamakin ganin ɗan Arewa, wanda bai san kifi ba sai tarwaɗa da karfasa, ya ɗauki alƙalami zai yi bayani a kan kifin teku. Ni ma kifin rijiya ne har zuwa babban hutun da ya wuce, sa'ad da mahaifina ya aika ni Ikko wurin kawuna, wanda ke sayar da yadi a Agege. Abin da na koyo can shi nake so in bayyana, domin ya zo daidai da wani darasi da muka yi a aji, wanda a lokacin na ɗauka ba shi da amfani sai ran jarrabawa.

Kawu ya fara ganin kifayen nan a Jidda, shekarar da ya je aikin Hajji, a cikin wani ƙaton tankin gilashi. Sha'awa ta kama shi. Da ya komo ya sayi tanki mai cin lita 200, ya cika shi da ruwa, ya narka gishirin da mai kanti ya sayar masa, ya zuba kifi bakwai a rana ɗaya. Kafin kwana goma shida sun mutu. Wanda ya tsira wani ɗan ƙarami ne shuɗi da ake kira damsal, tsawonsa bai kai yatsana ba.

Daren da na sauka Kawu ya nuna mini tankin, ya ce, "To, ɗan boko, ga aiki. In ka gano abin da ya kashe su, mu sake gwadawa. In ba ka gano ba, in sayar da gilashin, in kuma san a banza nake aika maka da kuɗin makaranta." Yana dariya ya faɗa, amma ni kam ban kwana da dariya ba. Na ce, "Kawu, a ba ni kwana uku." Na ari wayarsa na dinga karatu, na kuma buɗe littafina na darasin halittu.

Abin da na fara ganowa shi ne ba faɗa ya kashe yawancinsu ba, ƙazantarsu ce. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, galibi ta jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi, sauran abinci kuma in ya ruɓe ita yake zama. A teku ruwa ya yi yawa, ba ta taruwa. A cikin gilashi kuwa ba inda za ta. Sa'an nan ruwan teku ya fi na kogi kusa da ruwan toka, watau awonsa na pH wajen 8.2 ne, amoniya kuwa ta fi muni a irin wannan ruwa. Masu kawar da ita waɗansu ƙwayoyin bakteriya ne. Kashi ɗaya su mai da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, wani kashi kuma ya mai da naitirait naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai yi yawa ba. Zagayen naitirojin ke nan, wanda malaminmu ya zana a allo ina gyangyaɗi.

To, ka ga ke nan ainihin matacin ruwa ba inji ba ne, rayayyun halittu ne, kuma ba a sayen yawansu a rana ɗaya. Sai an ba su mako huɗu zuwa shida su hayayyafa kafin a sa kifi ko ɗaya. Wannan shi ne abin da Kawu bai jira ba.

Mafaɗatan kifaye sun ƙara tsananta lamarin, domin nama suke ci, suna ci da yawa, suna kuma yin kaca-kaca da shi. Saboda haka na gaya wa Kawu tankinsa ya yi kaɗan. Muka sa aka haɗa wani mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60. In ka yi lissafi za ka sami lita 540. Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, watau muna bukatar wajen kilo 19. Kada wani ya ce zai je kasuwa ya auno gishirin miya. Na teku gauraye yake da waɗansu ma'adinai, irin su maganiziyam da kalsiyam, kuma a haɗe ake sayar da shi musamman domin wannan aiki. Nauyin ruwan kaɗai ya kai na buhun siminti goma sha ɗaya, don haka muka sauko da komai ɗakin ƙasa, aka ƙera masa teburin ƙarfe.

A ƙarƙashin teburin muka ajiye wani ƙaramin tanki. Ruwa yakan malalo daga sama ya bi ta cikin soso, wanda ke tare tarkace, ya ratsa gawayi na musamman, sa'an nan inji ya mai da shi sama. A nan kuma muka sa na'urar da ta fi ba ni sha'awa, watau mai kwashe kumfa. Tana hura iska cikin ruwa, ƙazantar da ta narke ta manne wa ƙananan kumfa, kumfan ya taso ya zuba cikin wani kofi. Abin da ke taruwa a kofin baƙi ne mai wari, matar Kawu ma ta hana a wanke shi kusa da madafa. Amfaninta shi ne tana fitar da ƙazanta tun ba ta zama amoniya ba. A ruwan daɗi ba ta aiki sosai, domin kumfa ba ya yin ƙanana kamar a ruwan gishiri. Gidan bakteriya kuwa duwatsu ne masu ƙofofi-ƙofofi da muka jera a babban tanki, muka bar koguna a tsakaninsu.

Da aka gama sai na jefa jatan lande guda ɗaya a ciki domin ya ruɓe ya ciyar da bakteriya. Kowace safiya in ɗebi ruwa a 'yar kwalba, in ɗiga maganin gwaji, in duba launi. A makon farko amoniya ta hau. Tana sauka naitirait ya hau, ya kuwa daɗe bai sauka ba, har Kawu ya fara cewa shi bai taɓa ganin mai kiwon ruwa ba sai ni. Sai a mako na biyar duka biyu suka nuna babu.

A nan tilas in faɗi kuskurena. Ruwa yana raguwa kullum saboda zafi, ni kuwa sai in haɗa ruwan gishiri in cika. Bayan 'yan kwanaki na ga ma'aunin gishiri yana hawa daga 1.023 inda muka tsai da shi. Ashe ruwa kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Ta haka ne ma mutanen Bilma ke samun gishirinsu, rana ta shanye ruwa ta bar musu shi. Ruwan daɗi tatacce ake cikawa da shi. Ruwan gishiri sai ran da za a canja, kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari kowane mako biyu, wanda shi ke rage naitiret. Allah ya taimake ni babu kifi a ciki tukuna.

Wutar lantarki ma abin tunani ce. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar numfashi ba, in aka ɗauke wuta inji ya tsaya na sa'o'i, kifi da bakteriya duka za su galabaita. Muka sayi ɗan famfon iska mai aiki da batir.

Yanzu sai zaɓen kifi, inda muka fi ja-in-ja. Kawu ya rubuto guda shida. Ni kuwa na ce kowanne sai mun yi masa tambaya uku: ina iyakar girmansa, me bakinsa zai iya haɗiyewa, kuma wa zai ciza?

Na farko shi ne wanda Turawa ke kira kifi zaki, mai ratsin ja da fari da fika-fikai kamar gezar zaki. Asalinsa Tekun Indiya da na Fasifik, akwai kuma irinsa a Bahar Maliya. Yakan kai santimita 35 ko fiye. Ba ya bin kowa da faɗa, amma duk kifin da bai wuce rabin tsawonsa ba, lomarsa ne. Yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 a gadon baya. Wanda ya soke sai ya tsoma wurin cikin ruwa mai zafi daidai jurewa, ya tafi asibiti. Wannan kifi ya koya wa duniya darasi. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka, inda ba mazauninsa ba ne, ana kuma kyautata zaton masu kiwo ne suka sake shi da ya gundure su. Daga nan ya bazu cikin Tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye. Da shi a jerin, sai na soke ƙananan kifaye masu ruwan lemo da Kawu ya so domin yara.

Na biyu shi ne mai kunama. Ba harbi yake yi ba, kunamar bindiga ake nufi, domin yana da wata ƙaya a baya da yake tayarwa ya kulle, ba ta kwanciya sai ƙaramar da ke bayanta ta saki. Da ita yake maƙale kansa a rami. Wani ɗan'uwansa ya yi yawa ƙwarai a gaɓar Ghana a shekarun 1970, masunta suka yi ta kamawa. Haƙoransa na fasa ƙaguwa ne, yakan ture duwatsu, ya ciji waya, ya kuma yagi fika-fikan kifi zaki. Na ce, "Kawu, ko zaki ko mai kunama, ba za su zauna ɗaki ɗaya ba." Shi ya fi so a ransa, amma ya haƙura. Talibambam na teku, ɗan'uwan wanda muka sani a kogunanmu, shi ma ya fita saboda cizo, haka wani mai ɗigo-ɗigo da ake sayarwa ɗan mitsitsi alhali yakan kai santimita 70.

Wanda ya rage shi ne wani dogo mai kama da maciji, fari da baƙi, mai zama a kogon dutse. Ba ya gani sosai, da ƙanshi yake farauta, ƙaguwa da jatan lande ne abincinsa. Aibinsa guda, gwanin tserewa ne, ko ƙaramar kafa ya samu da safe a ƙasa za a tsince shi, don haka murfi dole ne. Na ƙara wani rawaya mai cin gansakuka, wanda ya fi ƙarfin bakin zaki. Uku ke nan a lita 540. Kawu ya ce wannan ai rowa ce.

Shigarsu ma da tsari. Mai sanyin hali shi ke fara shiga ya kama wuri, mai ƙarfi ya zo ƙarshe, kuma a bar makonni a tsakani domin bakteriya su ƙaru daidai da sabon nauyi. Kowane baƙo kuma sai ya yi mako huɗu shi kaɗai a tsohon tankin nan na lita 200, a ga ko yana da ciwon farin ɗigo, wanda in ya shiga babban tanki fitar da shi wahala ne. Wannan ya sa damsal ya rasa wuri. A tsohon tanki zai addabi baƙi, don ko hannuna na sa sai ya kawo mini cizo, a sabo kuwa zaki zai haɗiye shi. Muka mayar da shi kanti, ƙaramar 'yar Kawu ta yi kuka har dare.

Hutu ya ƙare ban ga kifi ko ɗaya a babban tanki ba. Na bar wa Kawu takarda manne a bango, da ranakun gwaji da na canjin ruwa. Ran ziyara da ta wuce mahaifina ya zo mini da saƙonsa: rawaya da dogon sun shiga lafiya, amoniya babu, zaki yana mako na biyu a tsohon tanki. A ƙarshen saƙon ya ce a tambaye ni, wai ya ga wani mai kunama ɗan ƙarami ƙwarai a kanti, ko shi ma ba zai yiwu ba? Na roƙi Baba ya gaya masa, cikin ladabi, cewa ɗan ƙaramin nan girma zai yi.