Yadda Ake Jera Fayilolin Kamfanoni da 'Yan Kasuwa a Ofis

Takardar da aka ajiye ba a wurinta ba daidai take da wadda ta ɓata. Sau da yawa ɗan kasuwa yakan taso daga nesa a kan maganar lasin ko filin shago, ya koma gida hannu banza domin an kasa samun fayil ɗinsa. Maganin wannan shi ne kowane magatakarda ya bi jerin abacada bisa ƙa'ida ɗaya.

1. A rubuta suna kamar yadda yake a takardar rajista, a jera shi ta kalmar farko. John Holt yana ƙarƙashin J.

2. Kada a lasafta Alhaji, Hajiya, Malam, Kamfanin ko Shagon. In an lasafta su, aljihun A da na K za su cika, sauran su zauna wayam. Shagon Alhaji Garba yana ƙarƙashin G.

3. Ɓ tana bin B, Ɗ tana bin D, Ƙ tana bin K. Saboda haka fayil ɗin Dauda yana gaba da na Ɗanladi.

4. Gajeren suna yana gaba da dogo. Musa ya riga Musa da 'Ya'yansa.

5. Sunan da aka taƙaita, kamar UAC, a sa shi a farkon harafinsa.

6. In suna ɗaya yana da rassa, a bi sunan gari: Gusau, sa'an nan Kano, sa'an nan Zariya.

7. In kamfani ya sake suna, a mai da fayil ƙarƙashin sabon suna, a bar kati a tsohon wuri. Bankin Barclays na Nijeriya ya zama Union Bank a 1979, saboda haka katin da ke B zai ce, "Duba U." Haka kuma za a yi wa Mamman da Muhammadu in mutum ɗaya ne.

Wajibi ne hakimi ya riƙa jarraba magatakardansa. Ya ambaci suna uku, ya ga ko za a kawo su nan da nan. In an yi jinkiri, sai a sake jeri tun kafin ranar da mai haƙƙi zai zo nema. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.